Sil na Biyu a Kan Tsumman Baba

A garejinmu ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Mai Tsumma ake ce masa, saboda wani farin tsumma da yake shimfiɗawa a kan teburinsa kafin ya kwance ko da noti ɗaya. Farin tsumma a gareji, ka ji fa. Mu da muke goge hannu a jikin wando sai mu yi ta yi masa dariya, muna cewa Baba zai shiga tiyata. Bai taɓa tanka mana ba, sai dai ya gyara gefen tsumman ya ci gaba da abin da yake yi. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita take wanke masa shi a ƙarshen mako, ranar Litinin ya zo da shi a ninke cikin leda yana ƙamshin sabulu.

Ni kuma Gaggawa yake ce mini. Shi ya raɗa mini sunan, sunan kuwa ya bi ni har gida, don yau ko matata in tana son tsokanata da shi take kirana. Shekara goma sha ɗaya teburina yana kallon nasa. Aikin birki da ƙafar mota nake yi a lokacin, aikin da ke son ƙarfi da guduma, kuma ba yabon kai ba, na iya shi. Shi kuwa Baba aikinsa guda ɗaya ne, sufacaja.

Ga wanda ba makanike ba, sufacaja wani ƙarfe ne da ake ɗorawa a saman injin wasu motoci don ya riƙa cusa wa injin iska. Inji da iska yake numfashi, in ya samu fiye da abin da zai shaƙa da kansa sai ƙarfinsa ya ƙaru. A cikin sufacaja akwai ɗaki biyu. Babban na iska ne, inda wasu murɗaɗɗun ƙarafa biyu ke juyawa da gudun da ido ba ya iya bi. Ƙaramin na giya ne, yana da mansa na daban, wanda da ƙyar zai cika kofin shayi. Tsakanin ɗakunan akwai bango, sandunan ƙarfe biyu sun ratsa shi, kuma a bakin kowace kafa akwai sil, wani ɗan zobe da bai fi murfin kwalba faɗi ba.

Duk wanda ya tsaya kusa da teburin Baba sai ya sha karatun wannan zoben, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

“Iska da mai maƙwabta ne, amma ba sa shiri,” haka yake cewa. “In mai ya tsallaka ɗakin iska, inji zai zuƙe shi ya yi ta hayaƙi, giya kuma ta bushe ta cinye kanta. In iska ta tsallaka ɗakin mai, ta matsa shi ta koro shi waje. To wannan ɗan abin da kuke rainawa shi ne katangar da ke tsakaninsu. Kuma leɓensa wajen mai yake kallo, kamar na ɗan Adam.”

Leɓen da yake nufi wani siririn baki ne da ke fuska ɗaya ta sil ɗin. A sil na gama-gari ko makaho ya san gaba da baya. Amma na sufacajar da aka fi kawo mana, fuskokinsa biyu kamar an tsaga kara suke. Ido ba ya raba su sai da ƙyar. Baba da babban yatsa yake ganewa: ya shafa zagaye ɗaya, ya ce nan ne.

Ba a gareji ya fara ba. Tun yana saurayi yake gyaran injin niƙa na wani kawunsa, daga nan ya shiga wani kamfanin manyan motocin ɗaukar kaya, ya yi shekara ashirin da biyu yana buɗe injuna masu girman ɗaki. A can ya koyi sufacaja, wajen wani tsoho mai faɗa wanda Baba ya ce bai taɓa yabonsa ba sai sau ɗaya, shi ma a bayan idonsa. Da kamfanin ya rufe sai ya zo wurinmu da abu biyu: tsumman nan, da wani guntun katako da ya sa aka fere masa daidai faɗin sil. Da shi yake danna sil a hankali har ya zauna. Guduma kuwa, ya ce, ta masu fushi da ƙarfe ce. In ya faɗi haka ni yake kallo.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, ta zama ma'aikaciyar jinya. Da gyaran sufacaja da keken ɗinkin Inna suka ɗauki karatunta. Baba ba ya shan sigari, ba ya zaman hira a bakin titi, abincinsa a ɗan kwanon silba yake zuwa daga gida, kuma sai ya wanke hannu sau uku da sabulu kafin ya buɗe shi. In mota ta shigo tana kuka, sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Kafin mai motar ya gama bayani Baba ya riga ya faɗi ciwon.

Yadda yake aiki shi ne abin kallo. Duk abin da ya ciro sai ya jera a kan tsumman daga hagu zuwa dama, kowanne a yadda zai koma, fuskar da za ta fara shiga tana ƙasa. Ko tsakar rana aka tashe shi daga gyangyaɗi zai iya mayar da su ba tare da tunani ba. Ba mai taɓa masa tsumma, har mai garejin. In ya gama sai ya ɗiga rawayan fenti a gefen murfi. Wannan dokar mai gareji ce: kowane makanike da launinsa, don in aiki ya dawo a san wanda za a tambaya. Nawa ja ne. Har zuwa shekarar da abin ya faru, rawaya bai taɓa dawowa ba.

Zan faɗi gaskiya tun yanzu, don in ban faɗa ba sauran labarin ba zai yi ma'ana ba: ina ƙyashinsa. Ina son sa, ina kuma ƙyashinsa, biyun duka a ciki ɗaya. Masu manyan motoci su shigo, su tsallake ƙafafuna ina kwance a ƙarƙashin wata mota ƙura na zubo mini a ido, su wuce suna tambayar ina Baba. Na daɗe ina satar kallon hannunsa, har na ɗauka na haddace aikin. Sau biyu na ce ya bar ni in rufe ɗaya, sai ya ce, “Gaggawa, ranar da ka iya cin abinci a zaune, ka zo.”

A shekarar da abin ya faru, ciwon suga ya fara taɓa masa yatsu. Da safe sai mu ga yana murza su a kan gwiwa kafin ya fara aiki. Rannan noti ya suɓuce masa sau biyu a jere. Na yi dariya, na ce da ƙarfi yadda mai gareji zai ji, “Baba, ko a sayo maka sababbin yatsu ne a shagon kayan gyara?” Kowa ya yi dariya, har shi. Amma na ga mai gareji ya ɗago kai daga ofishinsa ya daɗe yana kallon hannun Baba, kuma ban ji haushin hakan ba.

Wata Laraba da hantsi yana kan sufacajar motar wata likitar haƙori, wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce. Inna ta faɗi a banɗaki, an wuce da ita asibiti, ba ta magana. Baba ya miƙe, ya zagaya teburin sau ɗaya kamar wanda ya manta ƙofa, ya fita. Ranar ce kaɗai na ga ya bar gareji bai wanke hannu ba.

Bayan azahar mai gareji ya fito. Likitar ta bugo, gobe za ta yi tafiya, tana son motarta.

“Gaggawa, duba mini teburin Baba. Me ya rage?”

Na je na duba. Sababbin boris, waɗanda sandunan ke juyawa a kansu, sun shiga. Sil ɗaya ya zauna a kafarsa tsaf. Na biyun yana kan tsumma, a gefen dama, shi kaɗai.

“Murfi kawai ya rage, Maigida,” na ce. “A zuba mai a ɗora.”

“Za ka iya?”

“Rufe murfi kuma har sai an je makaranta?”

Ƙaryar farko kenan, kuma ƙarama ce, ko ni ban ji nauyinta ba. Na san in na ce saura sil, cewa zai yi a jira Baba. Wayata tana aljihu, lambar Baba tana ciki. Na gaya wa kaina ba a damun mutumin da matarsa ke kwance. Ba wannan ne dalilin ba. Ba na son in tambaye shi ne.

Na ɗauki sil ɗin na juya shi a haske. Fuska biyu, duk ɗaya a idona. Na shafa da yatsa kamar yadda yake yi, ban ji komai ba sai kantar hannuna. Sai na ce ai da sauƙi: komai a kan tsumman Baba a yadda zai shiga yake kwance. Na mayar da shi yadda na same shi, na ɗauke shi a hakan, na ɗora a bakin kafa. Na nemi katakon ban gani ba, ashe a ruɗe ya jefa shi aljihu ya tafi da shi. Sai na ɗauko soket, kan sifanar nan mai zagaye, da guduma. Bugu biyu suka tafi daidai. Na ukun ya zame, ya bar wata 'yar lotsawa a gefen zoben, mai siffar yankan farce. Na duba, na ce ba komai.

Na rufe, na zuba mai, na ɗora a inji. Da na zo kan fenti sai na tsaya. Kwalbar ja tana teburina, ta rawaya tana nasa. Na ce aikinsa ne, ba kyau in ci masa suna. Na ɗiga rawaya. Motar ta tashi lafiya lau, tana fito mai daɗi, na ji kaina ya yi girma har na kasa yin shiru, na saya wa kowa lemo.

Baba ya dawo bayan kwana huɗu, ya rame. Inna ta farfaɗo, sai dai ƙafa ɗaya ta yi nauyi. Ya kalli teburinsa, ya ga tsumma a ninke.

“Wa ya rufe?”

“Ni, Baba. Murfi ne kawai.”

“Allah ya yi albarka,” ya ce, ya dafa kafaɗata.

Sati uku cif aka jawo motar da igiya. Likitar ta ce tun kwana goma take ganin shuɗin hayaƙi a salansa in ta taka, ta ɗauka ba komai. Sai kuka ya fara, siriri, ya yi ta ƙaruwa, har jiya a kan babban titi, da 'ya'yanta biyu a baya, wani abu ya yi ƙara bel ya tsinke, motar ta mutu a tsakiyar manyan motoci. Allah ya tsare. Ba ta ɗaga murya ba, ta miƙa mukulli.

Mai gareji da kansa ya buɗe, a kan teburin Baba, dukanmu muna tsaye. Ɗakin giya a bushe ƙayau, haƙoran sun yi shuɗi don zafi, garin ƙarfe ya cika ƙasa. Ɗakin iska kuwa, wanda ya kamata ya zama fes, ya yi jagab da mai. Ya sa ƙugiya ya zaro sil na farko, ya duba, ya ajiye. Ya zaro na biyu, ya kai shi bakin taga, ya sa tabarau, ya daɗe.

“A baibai aka sa shi,” ya ce. Ya ajiye shi a gefen tebur, ya juya murfin. Ɗigon rawaya yana nan.

Baba ya kalli ɗigon, sannan ya juyo wurina. Ba zargi a idonsa ko kaɗan, taimako yake nema.

“Gaggawa, ranar nan kaina ba ya tare da ni. Na tuna na danna ɗaya. Na biyun, na sa shi kafin in fita?”

Ina da mata da 'ya'ya uku, ga mai gareji yana kallona, ga likita a bakin ƙofa. Duk wannan gaskiya ne, kuma na sha jera wa kaina su a matsayin hujja. Amma bakina bai yi ko gargada ba.

“A ciki na same su, Baba. Duka biyun.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Sai na ga hannunsa ya nufi gefen tebur, inda aka ajiye sil ɗin. Na tuna lotsawar nan. Mutumin da bai taɓa ɗora guduma a kan sil ba, yatsansa yana sauka a kanta magana ta ƙare. Na riga shi. Na yi kamar ina share garin ƙarfe da tsumman hannuna, na haɗa da zoben na dunƙule, na cusa a aljihu. Hannun Baba ya lalubi wurin, bai samu komai ba, ya koma.

“Ni ne,” ya ce wa likitar. “Ki yi haƙuri, 'yata. Da 'ya'yanki a ciki.”

Mai gareji bai kore shi ba, kada in ɗora masa abin da bai yi ba. Cewa ya yi Baba ya koma ɗakin ajiyar kaya, ya riƙa ba da kayan gyara, ya huta. Baba ya yi godiya ya ƙi. Ya ce wanda yatsansa ya daina gaya masa gaskiya ba shi da hurumin zama kusa da motar mutane. Ranar Asabar ya kwashe kayansa. Ya ninke tsumman ya sa a leda. Sannan ya zo teburina ya ajiye mini guntun katakon.

“Kai za a ba wurin,” ya ce. “Ka riƙa jera kaya yadda ka ga ina yi. Abu ɗaya ne ban taɓa gaya maka ba. Komai ina ajiye shi a yadda zai shiga, ban da sil. Shi a juye nake ajiye shi, don kada ƙura ta kwanta a leɓen. In ka ɗauka, ka juya shi tukuna.”

Na kasa ɗago kai. Na ce a raina, shi ke nan, ya sani. Ya san ni ne, ya rufa mini asiri saboda 'ya'yana, yanzu yana gaya mini a fakaice, irin na manya. Wannan tunanin na riƙe, kuma da shi na yi barci shekara shida. Na mayar da Baba waliyyi a zuciyata, don in waliyyi ya yafe maka ba sai ka je ka ba shi haƙuri ba.

Na gaji teburin. Na sayi farin tsumma, aka yi mini dariya, ban tanka ba. Na koyi shafa leɓe da yatsa, sai da na yi wata biyar ina gwadawa ido rufe kafin in fara ji. Yau ni masu manyan motoci ke tambaya. Ja bai taɓa dawowa ba, kuma duk ranar da aka yabe ni sai in tuna ɗigon rawayan nan. Sil ɗin yana cikin akwatin kayana, a ƙarƙashin sifanoni, a nannaɗe. Sau nawa na ɗauko shi zan jefa a kwandon tarkace, in fasa.

Ina zuwa gaishe shi, amma ba na daɗewa, kuma ba na zuwa ni kaɗai. Da Inna ta rasu, shekara biyu bayan barinsa aiki, na je ta'aziyya tare da mutanen gareji. Ya riƙe hannuna ya ce, “Gaggawa, an ce ka zama gwani.” Na ce albarkacinsa ne. Wannan ma na lissafa shi cikin alamun ya yafe.

Watan jiya 'yarsa ta kawo motarta juyen mai. Tana zaune a benci da kayan aikinta na asibiti, na tambaye ta jikin Baba.

“Jiki da sauƙi, Yaya. Ido ne ya yi rauni. Amma ni ba idon ne ya dame ni ba, zaman ne. Mutumin da ka sani, yau ko ƙwan fitila ba ya sauyawa. Famfo na ɗiga, sai na kira mai gyara, shi yana zaune yana ji, ya tura hannuwa ƙarƙashin cinya. In mai gyaran ya yi kuskure sai ka ga bakinsa na motsi, amma ba zai ce uffan ba.”

“Tun yaushe?” na ce.

“Tun ranar da ya baro ku. In na matsa masa sai ya ce hannun da ya sa sil a baibai ya kusa kashe mace da 'ya'yanta biyu. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne bai ma ji lokacin da ya yi kuskuren ba. In yatsa zai yi maka ƙarya sau ɗaya ba ka sani ba, wai, da me za ka gane ta biyu?”

Mai yana zuba a kasko, ni ina tsaye da sifana a hannu, na manta abin da nake yi. Ashe bai sani ba. Bai taɓa sani ba. Maganar da ya yi mini ranar Asabar ɗin nan ba habaici ba ce, karatu ne kawai yake ba wanda zai gaje shi. Ba rufin asiri ya yi mini ba, yarda ya yi da ni. Ya tambayi mutumin da ya fi amincewa da shi a garejin, na ba shi amsa, ya ɗauke ta ya tafi da ita gida ya zauna a kanta shekara shida.

Washegari da la'asar na rufe teburina da wuri, na ɗauki sil ɗin, na tafi ni kaɗai.

Ɗakinsa ƙarami ne, a hawa na biyu. Gado, kujera a bakin taga, rediyo a kan ƙaramin tebur yana magana ƙasa-ƙasa. A lungu keken ɗinkin Inna, an lulluɓe shi da wani farin ƙyalle. Sai da na zauna na gane tsumman ne.

“Wa nake ji kamar Gaggawa? Hawan benenka ma bai sauya ba, bibbiyu kake taka matakala.”

Na gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi mai gareji, ya tambayi ko har yanzu rufin kwanon wajen birki yana yoyo. Na amsa duka. Sannan na sauko daga kujera na zauna a ƙasa gabansa.

“Baba, na zo da wata magana ce. Ta daɗe.”

Na shirya jawabi a hanya, mai gabatarwa da dalilai. Duk ya gudu. Na ce, “Sil na biyu ba kai ka sa ba. A kan tsumma na same shi. Ni na sa, ni na ɗiga fentinka, kuma da ka tambaye ni na yi maka ƙarya.”

Ya kashe rediyon. Na warware zoben na sa masa a tafin hannu.

Ya juya shi sau ɗaya. Babban yatsansa ya bi gefen a hankali, zagayen nan da na sani, ya wuce, ya dawo, ya tsaya a kan lotsawar.

“Soket ne,” ya ce. “Da guduma. Bugun ƙarshe ya zame.”

“Haka ne, Baba.”

Ya juya ɗaya fuskar, ya shafa. “Ga leɓen nan.” Ba da ni yake ba. Ya ɗaga yatsan kusa da idonsa yana kallo, kamar wani ɗan'uwa da aka daɗe ana gaba da shi. “Ashe kana ji.”

A ƙasa wata mota ta wuce da bel mai ƙara, na ga kansa ya ɗan karkata ya bi ta.

“Ranar nan na miƙa hannu in taɓa shi,” ya ce. “Na tuna. Ban same shi ba. Na ɗauka shi ma laluben ne ya gagare ni.”

“Yana aljihuna.”

“To.”

Na ce ya yafe mini. Na faɗa sau biyu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya miƙo mini zoben.

“Wannan naka ne. Gobe ka kai wa maigidanku, ka ɗiga wa zoben jan fenti a gabansa. Ka nemi likitar nan ma, ta san wanda ya yi.”

“Zan yi.”

Ya juya fuska wajen lungun da keken Inna yake. Da ya fara magana, muryarsa ba ta da zafi ko kaɗan. Da da zafi ne da ya fi mini sauƙi.

“Bayan ta dawo daga asibiti, likita ya ce ta riƙa taka keken nan, zai taimaki ƙafar. Sai ya fara tsallake zare. Ta ce in duba mata. Na ce a kira wanda hannunsa ke da lafiya. Ta ce ita shekara arba'in ba wanda ya taɓa mata keke sai ni, ba za ta fara yanzu ba. Kullum sai ta ce, aikin minti goma ne a wurinka, Malam. Ni kuma in ce mata a'a, zan ɓata miki shi. Ta ce to za ta jira.” Ya shafa gwiwarsa. “Wata goma sha tara ta jira.”

Ya dafa hannun kujera ya miƙe. Na tashi zan kama shi, ya ɗaga mini hannu. Ya je lungun da kansa, ya yaye tsumman, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa shi a kan gado ya gyara gefensa.

“Akwai sukudireba a aljihunka?”

Makanike ba ya rabo da ita. Na miƙa masa.

Bai kunna fitila ba, ba ya bukatarta. Ya buɗe ƙasan keken, ya ciro abubuwa uku ya jera a kan tsumman daga hagu zuwa dama. Ya laluba ciki da yatsa, ya sassauta wani ɗan noti, ya matsar da wani abu kaɗan, kaɗan ƙwarai, ya ɗaure. Ya mayar da ukun daga dama zuwa hagu. Ya jawo wani guntun yadi da ke cikin aljihun keken, mai rabin ɗinki, da alama inda ta tsaya ke nan. Ya sa shi ƙarƙashin allura, ya ɗora ƙafa ya taka.

Keken ya tafi sumul. Zaren bai tsallake ko sau ɗaya ba har ƙarshen yadin. Ya ɗauke ƙafarsa, ya bi layin ɗinkin da yatsa daga farko zuwa ƙarshe.

“Akwai agogo a hannunka, Gaggawa?”

“Akwai, Baba.”

“Minti nawa na yi?”

Na so in ce ban duba ba. Amma na duba, kuma na riga na yi masa ƙaryar da ta ishe ni har kabari.

“Takwas,” na ce.